Awa Ɗaya Kafin Tuwo

Rano,
14 ga Nuwamba, 2005.

Zuwa ga Yayata Juwairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da su Khalid. Yaya Kaduna, yaya aka ji da hidimar salla? Ciwon gwiwar nan da ya matsa miki cikin azumi, ya sake ki kuwa? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Maigidana Malam yana gaishe ki.

Albishirinki, kuma goron fari nake so. 'Yarki Sa'adiya ta sauke Alƙur'ani. Malamansu na Islamiyya sun tsayar da ranar Asabar, uku ga Disamba. Da safe a yi taron sauka a makaranta, da yamma mu yi walima a gida. Na san gwiwarki ba za ta bar ki ki hau mota ba, don haka na yafe miki zuwa tun kafin ki roƙa.

Amma Yaya, ba don wannan kaɗai na ɗauki biro ba. Ranar salla ta biyu na je Fammar gaida Baba, daga nan na ƙarasa ruga wurin Inna Fanta. Na same ta ta sauke ƙoranta na ado, waɗanda ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kansu, tana jera su cikin juna tana ɗaurewa. Na tambaye ta lafiya, ta ce min gyara take yi. Sai da Hammadu ɗanta ya rako ni bakin hanya ya faɗa min gaskiya: mijinta Baffa Manu ya yanke shawara, da an gama kwashe dawa za su tashi zuwa wajen Kachiya inda 'yan'uwansa suke. Ba tafiyar rani ba ce da ake dawowa da damina. Tashi ne gaba ɗaya.

Labarin rigimarsu da Baba a gutsure ya riƙa iske ki, bari in ba ki shi daga tushe. Kin san shekara arba'in ke nan, duk kaka in Baba ya kwashe amfanin gonarsa ta bakin rafi, shanun Baffa Manu ne ke shiga su ci kara da harawa, su bar masa taki. Ba a aike, ba a tambaya, kowa ya san lokacin. To bara, gab da roron wake, hawan jini ya taɓa Baba a hannun dama. Ya tara mu ya ce duk wanda ya kai maganar waje bai yafe ba, wai kada a ce Shitu ya tsufa. Aiki ya yi jinkiri, wake ya kwana a gona. Su Hammadu kuwa da lokaci ya yi suka koro shanu da asuba kamar kullum. Kafin hantsi babu wake babu labarinsa.

Da waken kaɗai ne da tuni an manta. Amma Baba ya tare Baffa a tsakiyar kasuwa, a gaban mutane, ya ce wai ashe shekara arba'in maciji yake kiwo a gindin gonarsa. Baffa ya gyara sandarsa a kafaɗa ya wuce. Washegari ya aiko da ɗan maraƙi a madadin ɓarnar, Baba ya mayar masa da abinsa. Shekara guda ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Kin san halin Baffa, ba zai kai ƙara wurin dagaci ba, ba zai rama ba, sai dai a wayi gari a ga kufai.

Ke kina da wayo lokacin da Iya ta kwanta ciwo bayan haihuwata, ni labari aka ba ni. Nonon Inna Fanta na sha wata goma sha huɗu, ni da Hammadu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Saboda ita Baba da kansa ya raɗa wa 'yata suna Halimatu Sa'adiya, sunan wadda ta shayar da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Iya ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙanta. In Inna ma ta tafi, wa zan je in zauna a gabanta in yi shagwaɓa da furfurata? Wallahi tun ranar nan abinci ba ya min daɗi.

Ga abin da na ƙulla. Su biyun dole su zo walimar jikarsu, babu mai iya ƙi. Matsalar ita ce kin san walimarmu: a sauke tuwo, a ci, a shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Baffa kuwa filako ba zai bar shi ya kai loma baki a gaban jama'a ba, addu'a zai yi daga tsaye ya juya. Ni so nake su zauna wuri ɗaya, ko na awa guda ne, babu abin yi sai kallon juna.

Kin tuna liyafar gidan likitan nan da kika ja ni muka je, shekarar da na zo miki? Wadda aka bar mu awa guda ana zagayawa da lemo iri-iri da 'yan ƙwalam kafin a kawo abinci, har na ce miki mutanen nan sun yi kama da masu jiran mota a tasha? Na yi dariya a lokacin, amma na lura babu wanda bai yi magana da wani ba. Ita zan yi a Rano. Don Allah ki aro min kofunanki na gilashi da manyan tirenki biyu, ki ba Mato direba in ya sauke kaya zai dawo. Kada ki yi min dariya, ki yi min addu'a.

Ki gaida maigidan da yara, da maƙwabciyarki mai yawan tambaya.

Taki ƙanwa har kullum,
Ramlatu


Rano,
28 ga Nuwamba, 2005.

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fata kuna lafiya, gwiwa kuma tana ƙara sauƙi. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kamar yadda na faɗa miki, ki bar hawa benen nan sau goma a rana.

Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Kofuna ashirin da huɗu kika ce, ashirin da biyu suka iso da ransu. Mato ya rantse ramin hanya ne, ni kuwa na san tuƙinsa. Takardarki ma na karanta ta sau uku. Kin ce in yi hattara kada in je gyaran gira in rasa ido. Na ji, amma Yaya in na naɗe hannu ma idon tafiya zai yi.

Da na faɗa wa Malam shirina, sai da ya cire hula ya sosa kai. Ya ce shi a iya saninsa baƙo ruwa ake ba shi ya sha a kawo abinci, bai taɓa jin an mai da ruwan baƙo taro mai zaman kansa ba. Na ce masa ai ban ƙirƙiro komai ba, ruwan baƙon ne na ja shi ya yi tsawo. Ya yi dariya ya ce in dai don su Baba ne, shi zai tsaya a kan maza. Har ya je wurin kansilanmu ya aro rumfa da kujerun roba, waɗanda har yanzu hoton zaɓe ke manne a bayansu.

Wadda ta hana ni sakat ita ce Barira maƙwabciyata, wadda ke taya ni girki in ana taro. Tun da ta ga kofunan nan ta riƙe haɓa. Wai jan abu a gilashi, ana yawo da shi a tire, a wannan zamani na Shari'a, in wani ya hango daga nesa me zai ce? Na ce zai ce zoɓo ne, in bai yarda ba ya zo ya ɗanɗana. Ta ce to mutanen da suka taho daga Durba da Fammar da yunwarsu, in tare su da ruwa awa guda, ai sai a ce gidan Malam Uzairu rowa ake yi. Wannan kam ta taɓa ni, don haka na ƙara yawan abin taɓawa.

Ga abin da na shirya. Zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Kunun aya da dabino, wanda sai ranar da safe zan markaɗa don kada ya yi tsami. Ruwan tsamiya da ɗan barkono saboda masu son abu ya ratsa su. Na yi dubulan da cincin da alkaki, na soya gyaɗa, dambun nama kuma sai jibi. Na yi magana da mai ƙanƙara ya ajiye min manya guda huɗu, tunda wutarmu sai ta ga dama. Abincin dare tuwon shinkafa ne da miyar taushe, da waina. Na gaya wa Barira ko sama za ta faɗo kada a kwashe tuwo sai na ce.

Na kai goron gayyata da kaina. Baba ya karɓa da hannun hagu, na daman yana cikin aljihun riga inda yake ɓoye shi yanzu. Bai tambayi ko Baffa zai zo ba, sai ya tambaya wai ko na gayyaci mutanen daji. Na ce na gayyaci kakannin yarinya duka. Ya yi tsaki ya sa aka ɗora min buhun gero a babur.

A ruga Baffa ya ce zai zo saboda mai sunan Halima, ya sa mata albarka. Sannan ya ce, kamar yana maganar ruwan sama, ranar Alhamis ta bayan walima za su kama hanya. Kwana biyar ke nan tsakani, Yaya. Inna ta ce za ta taho min da kindirmo gudummawarta. Ni da rawar kaina na ce ta bar wahala, wannan taron ba na fura ba ne, na zamani ne. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce to 'yar birni, ta ci gaba da ɗaurin kayanta. Sai da na hau babur na ji kunyar maganar ta rufe ni.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In suka zo suka tafi kamar yadda suka zo, na san ba ni da wata dama. Ki sa su Khalid su yi min addu'a ranar Asabar bayan La'asar.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ramlatu


Rano,
5 ga Disamba, 2005.

Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, amma yau ki yafe min gajarta gaisuwar, labari ne ke cin raina. Gyara zama, ki sa a miƙo miki ruwa.

Taron makaranta ya yi kyau. 'Yarki ta karanta farkon Baƙara muryarta ko rawa ba ta yi, ni ce na jiƙe mayafina da hawaye. Wannan sai na zo zan ba ki shi da baki.

Ana idar da La'asar maza suka fara cika rumfa a ƙofar gida, mata kuma a tsakar gida. Na fito da tire. Yaya, da kin ga kofunanki! Ja da fari da ruwan ƙasa, ƙanƙara na iyo a ciki, faranti-faranti na dubulan da dambu a tsakiya. Malam da abokansa malamai biyu suka shiga zagayawa da su. Da farko mutane suka yi tsuru-tsuru, kowa na jiran ya ga wa zai fara. Liman ne ya ɗauki na tsamiya ya kurɓa, ya ce Masha Allah da ƙarfi, shi ke nan aka ɓarke. Kafin minti goma rumfa ta ɗauki hira. Mutanen Durba na tsokanar na Fammar, kansila na bin mutane yana gaisawa kamar gobe zaɓe. Abin da na gani a Kaduna ya faru a ƙofar gidana, kowa na magana da kowa.

Kowa, ban da mutum biyun da na yi abin dominsu. Ina leƙe ta tagar zaure. Baba ya zauna a wannan ƙarshen rumfa, ya juya kujerarsa yana fuskantar titi. Baffa ya zauna a wancan ƙarshen, sandarsa tsakanin gwiwoyi. An miƙa masa kofi ya karɓa don kada ya kunyata Malam, ya riƙe shi kawai. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya riƙa ɗiga a bayan hannunsa, bai kai baki ba. A nan na gane wautata. Mutumin da ba ya cin abinci a gaban jama'a, ta yaya zai ɗaga gilashi ya sha a gaban samari, kowa na ganin abin yana gangarawa? Baba kuma da hagu ya karɓi nasa, ya ga an lura, ya ajiye a ƙasa. Na ba kowa kofinsa da kujerarsa, ashe hanyar zama nesa da juna na ba su.

Rabin awa ta wuce a haka. Barira ta zo ta tsaya a kaina tana cewa tuwo zai kama. Sai ga Malam ya shigo da sauri, ya ce Ardo, wato Baffa, ya miƙe, yana neman a fito masa da yarinya ya yi mata addu'a, hanya da nisa.

Na juya zan shiga ɗaki in yi kukana, idona ya faɗa kan wata ƙwarya rufe da faifai a gindin randa. Ashe Inna ba ta ji maganata ba, ta taho da kindirmonta ta ajiye shiru. Ita ma Barira, ba da sanina ba, ta ɗebi geron Baba tun ranar Juma'a ta kirɓa fura, wai ita ba ta taɓa ganin taro babu fura ba. Taurin kan tsofaffin matan nan biyu shi ya cece ni.

Na ce wa Malam ya je ya ce yarinya ba za ta fita cikin maza ba, kakanninta biyu su shigo ɗakinsa su sa mata albarka tare. Na janye kujerun ɗakin, na shimfiɗa tabarma ɗaya. Suka shigo, Baba a gaba Baffa a baya, suka zauna kowa a bakin gefensa. Sa'adiya ta durƙusa, kowannensu ya yi mata addu'a, na sallame ta. Kafin su yunƙura na shigo da ƙwaryar.

Har na ɗauki ludayi zan dama, sai na tuna abin da na sha gani ina yarinya in na kai musu ruwa gona. A gindin ɗorawar nan suke zama su biyu, Baffa ya kawo nono, Baba ya kawo fura. Baba ne ke damawa kullum, don Baffa ya ce shi tunda aka haife shi bai taɓa damu ba kuma ba zai fara ba. A duniya kuma Baba kaɗai ne Baffa ke cin abu a gabansa. Sai na zuba curin fura huɗu a cikin nonon, na ɗora ludayi ɗaya a kai, na ajiye a tsakiyarsu haka nan ba damu. Na ce su yi min afuwa, tuwo na kan wuta. Na fice na saki labule. Na san rashin ladabi ne a ajiye wa manya fura ba a dama ba, da gangan na yi, Allah Ya yafe min. Kuma ban je wurin tuwo ba, a bayan labulen na maƙale.

Na kasa kunne. Kin san Baba, ba ya iya ganin aiki a ajiye. Can sai na ji ludayi na bugun ƙwarya, amma ba irin bugun da na sani ba, wani ƙwas-ƙwas ne marar tsari. Na ɗaga gefen labule. Ya manta, Yaya. Sabo ya sa ya fito da hannun daman daga aljihu. Hannun na karkarwa, ludayin na zillewa, nono na fantsama a tabarma da gaban babbar rigarsa, shi kuma ya cije leɓe ya ƙi bari.

Baffa bai dubi fuskarsa ba, hannun ya zuba wa ido. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa nasa ya riƙe wuyan hannun Baba, ya zare ludayin a hankali. Ya tambaye shi tun yaushe. Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya sake tambaya. Baba ya ce tun bara, kafin roron wake.

Ban taɓa jin Baffa Manu ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce ashe shi ne bare. Ya ce shekara arba'in suna shan ƙwarya ɗaya, hannun Shitu ya mutu a ɓoye masa kamar wani ɗan kasuwa? Ya ce da an aika masa da kalma ɗaya, da ya turo Hammadu da ƙannensa sun rore waken nan cikin kwana biyu, shanu ko ƙofar gonar ba za su gani ba. Ya ce maganar maciji ta yi masa ciwo, amma wannan ta fi ta. Hausarsa ta ƙare ya koma Fillanci, ya dawo Hausa.

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago gemunsa a jiƙe yake. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa, kunyar ce kuma ta koma faɗa a kasuwa, don ya fi sauƙi ya ce shanu sun cuce shi da ya ce ya kasa. Ya ce maganar nan tun ranar da ta fita take tsaye a maƙogwaronsa. Ya roƙi Baffa ya yafe masa don Allah, ya kira shi da sunan da suke kiran juna tun suna samari. Ni dai a nan na toshe bakina da mayafi.

Baffa bai ce na yafe ba. Ya jawo ƙwaryar gabansa, ya kama ludayi kamar mai riƙe sanda, ya shiga damu. Ardo guda, da rawaninsa! Ya dama iya yinsa, ya cika ludayi ya miƙa wa Baba. Baba ya kurɓa, ya tauna, ya ce wannan ai ba fura ba ce, gudaji ne da ruwa, shekara saba'in mutum na tare da nono bai iya damu ba. Baffa ya ce wanda bai iya riƙe ludayi ba ba shi da bakin magana. Suka ƙyalƙyale da dariya su biyu, irin wadda rabona da ji tun Iya na da rai. Sannan Baffa ya karɓi ludayin ya sha.

Na fito tsakar gida na rangaɗa guɗa. Mata suka ɗauka ta sauka ce suka taya ni. Inna Fanta kaɗai ta dube ni, ta kawar da kai tana gyara ɗan kunnenta, amma na ga bakinta na motsi.

Awa ɗayan da na shirya ta zama biyu, don ban yarda a kwashe tuwo ba sai da ƙwaryar nan ta fito wayam. A waje an shanye zoɓo da kunun aya ƙaf, ko ɓurɓushin dubulan bai rage ba, kansila ya yi jawabi har sau biyu. Babu wanda ya ce rowa. Aka yi Magariba, Baba da Baffa a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, mutanen Fammar na zungurin juna. Bayan salla aka ci tuwo, nasu a akushi ɗaya aka kai musu ɗaki. Ƙasan tukunya ya ɗan kama, Barira ba za ta bar ni in manta ba, amma ita ce yau ke gaya wa matan unguwa wai mu ne muka kawo wannan tsari Rano. Har mata uku sun aiko tambayar yadda na haɗa tsamiyar.

Abu ɗaya ya rage. Baffa ya tafi bai ce komai a kan Alhamis ba, ni kuma ban isa in tambaya ba. Mutum yana iya yafewa ya kuma tafi, tunda ya riga ya aika wa 'yan'uwansa. Kada ki saki addu'a tukuna.

Kofunanki saura ashirin, ki yi haƙuri. Gaisuwa ga kowa.

Taki mai farin ciki da fargaba,
Ramlatu


Rano,
19 ga Disamba, 2005.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara baki ɗaya. Na ji daga bakin Mato cewa kin fara taka ƙafar har kasuwa, Alhamdu lillahi. Na san kin ƙagu, ki gafarce ni da jinkiri, so na yi in gani da idona kafin in rubuta.

Ranar Alhamis ɗin na kasa zaune na kasa tsaye. Da yamma wani ɗan Fammar da ya zo cin kasuwa ya gaya wa Malam wai tun da sassafe an ga su Hammadu su biyar a gonar Baba ta bakin rafi suna roron wake, Baba da Baffa na zaune a inuwa suna ba da umarni, kowa na warware na ɗan'uwansa. Na ji daɗi, amma na ce wa raina wataƙila sallama ce ta mutunci, su gama su wuce.

Shekaranjiya na kasa haƙuri na hau babur. Tun daga nesa na hango shanu a cikin gonar suna cin kara. Baba na same shi a ƙofar gida, hannunsa a waje kan gwiwa, yana shafa masa wani man da Baffa ya haɗa. Ya ce wai in gaya miki 'yar'uwarki ba ta da kunya, ta ajiye wa iyayenta fura ba damu. Yana faɗa yana sa min albarka.

Na ƙarasa ruga. Inna na tsugune tana wanke ƙwaryar tatsa. Kin san ta, ba ta ce min sannu da ƙoƙari ba, ba ta ambaci walima ba, sai ma cewa ta yi na rame kuma ɗaurin ɗankwalina bai yi ba. Na zauna ina ta zagaye-zagaye, na tambayi shanu, na tambayi jikoki, na kasa tambayar abin da ya kawo ni. Ita ma ta bar ni ina ta wahala.

Sai da na tashi tafiya ta rako ni bayan bukkarta, ta nuna min wani rami da aka haƙa sabo, an zagaye shi da ƙaya. Ta ce in na tashi dawowa in taho mata da dashen mangwaro daga Rano, mai aure, irin na gidanmu. Na ce Inna, yanzu rani ne, sai an yi ta ban ruwa safe da yamma, kuma mangwaro sai ya shekara huɗu ko biyar kafin a sha. Ta ce ta sani, ina za ta?

Yaya, a wurin na durƙusa na rungume ƙafafunta, tana ture ni tana cewa in tashi kada yara su gani. Gobe da sassafe zan kai mata dashen, guda biyu na saya.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan su Khalid. Malam da Sa'adiya da Barira duk suna gaishe ki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Ramlatu Shitu Fammar